Masu Cewa A Soke GST, Ku Matso Kusa

Na san da ganin kan maganar nan wasunku sun riga sun taɓe baki. Injiniya ya ce, "Ga wani kuma ya zo yi wa GST kamfe." Likita ta ce ita marasa lafiya na jiran ta, a taƙaita. Alhaji, wanda shi ne ke biyan kuɗin rajistar yara uku, ya ce in dai ba rage kuɗin makaranta za a yi ba, to a bar shi ya ji da abin da ya dame shi. Ku yi haƙuri ku gyara zama. Mutanen da suka jure wa lakcar awa biyu a tsaye, a jingine da taga, ba abin da ke iso musu sai ƙarar fanka, ai jure wa 'yan shafukana ba zai gagare su ba.

Ga waɗanda ba su taɓa faɗawa tarkon ba, a kowace jami'ar Najeriya akwai wasu darussa da ake ɗora wa kowane ɗalibi, ko likitanci ya zo karantawa, ko shari'a, ko kiwon kifi. Wasu jami'o'in GST suke ce musu, a Zariya GENS, a Bayero GSP. Ba ka fita da digiri sai ka ci su. Akwai wanda ya cinye duk kwasa-kwasan sashensu da maki mai kyau, abokansa suka tafi bautar ƙasa, shi kuwa GST guda ɗaya tal, ta aji ɗaya ma, ta riƙe masa ƙafar wando ya ƙara shekara. Irin wannan bawan Allah in ya ji ana dukan GST, shi ne mai cewa a miƙo masa sanda shi ma ya sa albarka. Ban ga laifinsa ba.

To ga labarin da ya kamata a ce ya faranta masa rai. A watan Disamba na 2022, wata biyu bayan malamai sun janye yajin aikin nan na wata takwas, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. A lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, shi ke riƙe da hukumar. Manhajar ta gaji BMAS ta 2007, wadda ita ma ta gaji ma'aunin farko na 1989. Hukuma ta ce ita za ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane fanni, kowace jami'a ta cike saura kashi 30 da abin da ya dace da ita. Darussan gama-gari kuwa aka zaftare su daga kiredit 36 zuwa 12, aka bar kwas shida kacal: sadarwa da Turanci, mutanen Najeriya da al'adunsu, falsafa da mantiƙi da rayuwar ɗan Adam, dabarun kasuwanci da ƙirƙira, kafa sana'a, sai zaman lafiya da sasanta rikici.

Na ji Injiniya ya ce, "Madalla, saura goma sha biyun."

Sannu, Injiniya. Allah ya bar mu da ku, ku ne masu gada da kwalbati. Amma tsakaninka da Allah, tun da ka fara aiki, tsakanin lissafin nauyin ƙarfe da rubuta takarda, wanne ya fi cinye maka yini? Rahoton da ka aika wa darakta aka dawo maka da shi da jan biro, an ce ba a gane ko kuɗi kake nema ko ƙorafi kake yi ba, shi ma laifin GST ne, ko kuwa laifin wanda ya riƙa ba abokinsa lambar rajista ya sa masa hannu a takardar halarta? Ran da aka tura ka haƙa rijiyar burtsatse, ka tarar unguwa biyu kowace ta fito da dattawanta, wannan na cewa a ƙofar masallacinmu, wancan na cewa kakanninmu ne suka sari dajin, wane babi na littafin injiniyanci ka buɗe? Na'urarka ta nuna maka inda ruwa yake. Yadda za ka gaya wa mai unguwa cewa ruwan ba a gefensa yake ba, kuma ka koma gida da gilashin motarka lafiya, wannan darasin zaman lafiya ne, wanda kai ka ce ɓata lokaci ne.

Bari in taɓo wanda ya fi ciwo. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare aka riƙa buga wa mutane waya ana cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Wasu suka ƙare a asibiti, har aka rasa rai. Su wa suka yi ta tura saƙon? Kada ku ɗora wa tsofaffinmu na ƙauye, yawancinsu ɗansu na birni ne, mai digiri, ya tashe su daga barci. Daga baya harkar zuba kuɗi ta MMM ta zo da alkawarin ribar kashi 30 a wata, ba shago, ba haja, ba gona. A Disambar 2016 aka wayi gari an rufe asusu. Ku duba cikin waɗanda suka dafe kai ran nan, har da waɗanda suka karanci ilimin akanta. Tambaya ɗaya ce da ta cece su: ina kuɗin ke fitowa? Darasin da ya kamata ya saba wa mutum da irin wannan tambaya shi ne na mantiƙi, wanda kuka haddace ana gobe jarrabawa, kuka zubar a bakin ƙofa kuna fitowa.

Da ambaton mantiƙi sai na hango Malam ya gyara rawani. Allah gafarta Malam, na san damuwarka. Ka ce an kawo falsafa a ɗora wa 'ya'yan Musulmi dole, yaro ya tafi da tarbiyyarsa ya dawo yana tambayar abin da ba a tambaya. Damuwa ce ta uba, ba zan raina ta ba. Sai dai ina da 'yar tambaya, da girman kujerarka. Littafin Ahalari da ka fara karantawa a zaure, wanda ya koya maka alwala da ƙabli da ba'adi, wa ya rubuta shi? Shehu Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16. To shi ɗin dai, da alƙalaminsa, shi ya tsara Sullamu, waƙen mantiƙi da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan manyan malamai daga Maroko har ƙasar nan. Malamin da ka amince masa ya koya wa ɗanka tsarki, shi ne ya ga ya dace ɗalibi ya san yadda ake gina hujja da yadda ake gane ta rushe.

Kuma ba shi kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulki da yaƙi a kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, ya yi rubutu kan falsafa da kan tarihin ƙasashen Hausa. Kafin su akwai Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda har yau masana tarihin lissafi ke ambaton littafinsa kan jadawalin lambobin nan da ko ta wane gefe ka tara, jimla ɗaya za ta ba ka. A wancan zamani in ɗalibi ya ce shi fiƙihu kawai ya zo yi, a raba shi da nahawu da lugga da hisabi, malaminsa kallon tausayi zai yi masa. Ke nan, Malam, da kai da NUC kusan layi ɗaya kuke a wannan gaɓar, sai dai na san ba za ka so a faɗa a bainar jama'a ba. Abin da ya cancanci ka sa wa ido shi ne wa ke koyar da darasin da yadda yake koyarwa, kuma nan gaba kaɗan zan ba ka abin faɗa.

Alhaji kuwa cewa ya yi, "Duk kwashe-kwashen Amurka ne." Ranka ya daɗe, ka canka. Jami'ar Ibadan, da aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, tsarin Ingila ta bi, inda ɗalibi ke kama fanninsa tun da wuri ya nutse a ciki. Jami'ar Nsukka ce, da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ta shigo da tsarin Amurka na a ba kowa ɗan wani abu daga wajen fanninsa. Su ma masu abin ba su huta ba: Jami'ar Harvard ta fitar da shahararren rahotonta kan ilimin gama-gari a 1945, ta rushe tsarin ta sake a ƙarshen shekarun 1970, ta sake a 2007, ta kuma sake a 2019. In masu kuɗi haka ba su gama gardamar ba, mu ba za mu gama ta a shafin mujalla ba. Amma Alhaji, motar da ka zo da ita ma ba a Dawanau aka ƙera ta ba, ban ga ka bar ta a gida ba.

Inda Alhaji ya kama ni da hannu biyu shi ne maganar darasin kasuwanci, kuma a nan ni ma sandar zan karɓa. Tun wajen 2007 gwamnati ta wajabta shi a jami'o'i, yanzu kuma cikin kwas shida da suka rage, biyu nasa ne, wato kashi ɗaya cikin uku na duk ilimin gama-garin da ɗalibi zai samu. Ku zo mu leƙa ajin. Malamin da ke gaba, Allah ya ba shi lada, tun da yake bai taɓa sayar da ko ƙullin gishiri ba, albashi yake jira kamar kowa. A layi na uku akwai yaron da tun yana shekara goma yake ninke atamfa a shagon babansa a Kantin Kwari, ya san yadda ake ba da kaya bashi a karɓo ba tare da an ɓata ba. A bayansa ga yarinyar da ke ciyar da kanta da sayar da turaren wuta da mayafai ta waya. Su ne ke zaune suna kwafar ma'anar "ɗan kasuwa" daga allo, don a jarrabawa za a tambaye su siffofinsa guda bakwai. Ran gwaji na aikace kuwa, ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da bokiti da muciya, sai sabulun ruwa. Ɗan fannin kimiyyar harhaɗa magunguna sabulun ruwa, ɗan fannin Larabci sabulun ruwa. Da a ce kowa ya riƙe sana'ar da aka koya masa, da yanzu ba mai sayen sabulu a ƙasar nan sai mai sayarwa.

Alhali ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Panteka a Kaduna, ga kasuwar Onica inda yaro ke yi wa ubangidansa hidima na shekaru a sallame shi da jari. Me zai hana Alhaji da kansa ya zo aji, da Hausarsa, ya yi awa ɗaya yana bayanin yadda ya karye a shekarar da Naira ta faɗi da yadda ya tashi? Na tabbata ran nan ba mai sa wa wani hannu a takardar halarta. To Alhaji, ka ga zolayar ta juyo kanka: in an gayyace ka za ka zo, ko za ka ce kana da ɗaurin aure?

Yanzu bari in ba ku gaskiyarku dukanku, don kun daɗe kuna jira. Abin da kuka tsana ɗakin ne da abin da ke faruwa a cikinsa, kuma sabuwar manhaja ba ta taɓa ɗakin ba. Ƙarfe bakwai na safe sababbin ɗalibai sun cika babban ɗakin lakca, wanda ya zo bakwai da kwata sai matakala, wanda ya zo da rabi sai taga. Malam ya ɗauki makirfo ya ce "gud monin", aka ɗauke wuta. Daga nan 'yan layi biyar na gaba ne ke jami'a, sauran suna kallon bakinsa yana motsi. Can baya wani na cin gyaɗa, wata na kwafar aikin wani kwas ɗin. Kafin a tashi wakilin aji ya miƙe ya sanar cewa littafin kwas ya fito, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya saya. Ba wanda ya ce dole ne. An dai ce ana rubuta suna. Ƙarshen zango a tura su ɗakin kwamfuta, tambaya ta fito da zaɓi huɗu, wanda ya haddace tambayoyin shekarun baya ya gama cikin minti goma. Haka ake auna iya rubutun mutum ba tare da ya rubuta jimla ɗaya ba, a auna iya hujjarsa ba tare da ya buɗe baki ba. Ka rage kiredit daga 36 zuwa 12 ka bar wannan ɗakin yadda yake, tamkar mai abinci ce ta rage yawan kwanuka amma miyar jiya ce dai a tukunya.

Rage yawan, ni a ganina, daidai ne. Kwas shida da za a yi da kyau sun fi tarin da ake yi don a sauke nauyi. Sai dai zaɓin ya bar ni da tambaya. Tarihin kimiyya da falsafarta, da a da ɗan fannin adabi ke ɗan leƙawa ya san yadda masana ke tabbatar da abu, babu shi cikin shidan. Darasin amfani da laburare ma ba ya tsaye da ƙafarsa, a zamanin da ɗalibi ke kwafo aikin gida daga intanet har da tallan da ke gefen shafin. Ga kuma nauyin da aka jibga wa kwas ɗin mutanen Najeriya: ɗaliban da ke jami'a yanzu da yawansu sun yi firamare da ƙaramar sakandare a shekarun da aka cire tarihi daga jadawali, sai a ce kiredit biyu su ɗauke su daga Nok da Daular Borno har zuwa haɗewar 1914 da yaƙin basasa. Ko jirgin sama ne sai ya sauka shan mai.

Farfesa, na ga tun ɗazu kana murmushi kana gyaɗa kai, ka ɗauka yau ba za a zo kanka ba. Ƙungiyarku ta ASUU ta fito a 2023 ta ce ba ta yarda da CCMAS ba, cewa tsara abin da za a koyar haƙƙin majalisar malamai ta kowace jami'a ne, kuma hukuma ta mayar da majalisun 'yan kallo. Hukuma ta ce dokar 1985 ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ma'auni. Maganarku tana da ƙafa, don wanda ke ofis a Abuja ba zai fi malamin Maiduguri sanin abin da ɗalibin Maiduguri ke buƙata ba. Amma ranka ya daɗe, shekarun da ba wanda ya hana ku gyara GST, wa kuke tura wa ajin? Ƙaramin malamin da aka ɗauka bara, wanda ke fama da digirinsa na biyu, shi ake miƙa wa makirfo da ɗalibai ɗari-ɗari, manya kuma su riƙe 'yan aji huɗu su goma sha biyar a ɗaki mai sanyi. Darasin da ya fi kowane wuyar koyarwa, gaban yaran da ba su zaɓe shi ba, shi ake ba wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa.

Kashi 30 ɗin nan ma da kuke cewa ya yi kaɗan, na yarda, amma a nuna mana abin da aka yi da shi. Cikin kwas shidan babu harshen Najeriya ko ɗaya. Tun 1973 ake tura masu bautar ƙasa jihohin da ba nasu ba. Likita 'yar Inugu ta sauka a wani asibitin karkara a Jigawa, tsohuwa na nuna mata ciki tana bayani, sai an nemo mai shara ya yi tafinta, ciwon mace ya bi ta kunnen namijin da ba muharraminta ba. Namu ma in an kai shi Ondo haka zai tsaya yana zare ido. Zango ɗaya na Hausar asibiti, ko Yarabancin asibiti, ba sai an nemi izinin Abuja ba. Likita, ke da kika ce a taƙaita, wannan kam na san ba ki da ja.

Darasin zaman lafiya shi ma ana iya sauko da shi ƙasa. Ana haddace wa yara sunayen masanan waje da matakan rikici, alhali a cikin ajin ga Bakano ga Bazazzagi, ga Bafulatani ga Babarbare, ga Bagobiri ga Bayarabe, waɗanda kakanninsu suka mayar da tsohuwar gaba wasa, har ya zama in an haɗu sai an tsokani juna kafin a gaisa. A Jamhuriyar Nijar wannan wasan barkwanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. A tura ɗalibi garinsu ya binciko yadda aka sasanta wata rigimar gona ko ta burtali, wa ya shiga tsakani, me aka ba wa, me ya sa sulhun ya riƙe ko ya warware, ya rubuto shafi uku da hannunsa, ya tsaya gaban 'yan uwansa ashirin su yi masa tambayoyi. A aiki ɗaya ya yi Turanci, ya yi mantiƙi, ya yi tarihi.

Na san abin da za ku ce: wa zai duba shafi uku-uku na ɗalibai dubu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta kuɗi ne da mutane. Sai an raba ajin ƙanana, an ɗauki ɗaliban digiri na biyu da na uku an biya su su jagoranci tattaunawa, an kuma daina kallon sashen GST a matsayin wurin sayar da littafi. Wannan ba ya cikin kashi 70, ba ya cikin kashi 30, yana cikin kasafin kuɗi da jadawalin lakca. Kasafin na gwamnati ne, ku ci gaba da faɗa da ita, muna bayanku. Jadawalin kuwa a ofishinku ake buga shi, Farfesa. In na zango mai zuwa ya fito, ni da Malam da Alhaji za mu zo allon sanarwa mu duba sunan da ke gaban GST 212, ƙarfe bakwai na safe, babban ɗakin lakca. Injiniya ya ce in sunanka ne, shi zai kawo janareta.